Haƙoran Kanti da Birkin Maina

Ku da kuka zo koyon tanin a wurina, abin da ya fara ba ku dariya shi ne kujerar da ke ƙofar shago. Ba kujera ba ce, diram ɗin birkin tirela ne na kife na ɗora masa buhu. Ɗayanku ya tambaye ni me ya hana in sayar wa 'yan gwangwan, tunda nauyinsa zai yi kuɗin shinkafa. Wani kuma, mai bakin nan da ba ya gajiya, ya ce me ya sa tsoho zai ɓata yini guda yana yanka haƙoran cok da hannunsa, alhali ga su nan a kasuwa cikin kwali, sabbi fil, sai ɗaurawa. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi. Ku zauna, amma kada kowa ya zauna a kan diram ɗin.

Injin tanin aikinsa ɗaya ne: ya juya ƙarfe, kai kuma ka kawo wuƙa ka fere shi har ya zama yadda kake so. Abin da ke riƙe ƙarfen yana juyawa shi ne cok, cok kuma yana da haƙora uku. Ku kuna kallon wuƙa, don ita ce ke fitar da tartsatsi da ƙara. Ni haƙoran nake kallo. Haƙoran kanti ƙarfe ne mai tauri, bakinsu siriri, suna cizo a wuri uku. Idan sandar ƙarfe ce cikakkiya, kamar shaf ɗin injin niƙa, ba su da laifi ko kaɗan, ni ma da su nake aiki. Amma ka ba su abu mai rami a ciki, mai siririn jiki, su matse shi a wuri uku, sai ya lanƙwashe ba tare da idonka ya gani ba. Ka fere cikinsa ya zama da'ira sumul, ka auna a kan inji, ma'auni ya ce daidai. Kana kwance shi sai ƙarfen ya miƙe ya koma yadda yake, da'irar da ka yanka kuma ta zama mai tudu uku kamar duwatsun murhu.

Aikin da na fara ɓatawa a duniya zoben famfon ban ruwa ne, na wani manomi daga Gadaka. Lokacin ina yaron shago a wurin Oga Bitrus, mutumin Filato, wanda ya kawo wannan injin da kuke gani garin nan tun kafin a haifi iyayen wasunku. Na yanka zoben, na auna a kan cok, na kira shi ina taƙama. Ya kwance zoben, ya ajiye a kan benci, ya miƙo mini ma'aunin ciki, mai agogon nan da allurarsa ke motsi, ya ce in zagaya da shi. Allura ta tashi ta sauka, ta tashi ta sauka, sau uku. Sannan ya ja kunnena har sai da na tsaya a kan yatsun ƙafa.

Ya ce, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji, "Adamu, ƙarfe da yake bakin cok kamar ɓarawo ne a hannun 'yan banga. Duk abin da kana so ya faɗa, zai faɗa. Sake shi tukuna, ka tambaye shi."

Daga ranar ya koya mini yin haƙora. Sai mu tara tsofaffin fistin na mota mu kai wa masu zubin tukwanen alminiyam, su narka su zuba mana gunduwa uku masu faɗi, kamar an raba kabewa uku. Mu huda su, mu ɗaure a kan cok. Kafin a yanka su sai an sa zoben ƙarfe a baya an matse, don haƙoran su tsaya a yadda za su tsaya ranar aiki. Wanda ya manta zoben nan ya yi aikin banza, ko da ya yi kyau a ido. Daga nan a fere cikinsu daidai da girman abin da za su riƙe, ba ƙari ba ragi. Irin waɗannan haƙoran ba cizo suke yi ba, runguma suke yi, ta ko'ina. Aibinsu biyu ne. Suna cin yini guda, kuma duk sabon girma sai an sake ferewa, har su cinye su ƙare. Na yi shekara biyu ba abin da Oga ya bar ni in yanka sai haƙora da zobba, abokaina na unguwar Yindiski suna tsokanata wai likitan haƙori.

Garin nan garin manyan motoci ne, kun sani. Rabin abincinmu daga birkinsu yake fitowa. Diram ya ci ya yi zane, a kawo mu fere cikinsa ya koma sumul, a sa sabon takalmin birki. Direbobi kuwa ba wanda ya kai su gaggawa, kowa motarsa ce za ta tashi yanzu. Sauran masu zuwa, matan da ke da injin markaɗe, manoman fadama da famfunansu, masu injin casa, duk suna iya jira. Direba ba ya jira, sai dai ya tsaya a kanka yana kaɗa makulli.

Maina ne kaɗai direban da na sani mai zama ya jira. Mutumin Fika ne, sa'ana, dogo, mai son goro da gardamar ƙwallo. Shanu yake ɗauka daga kasuwar Laraba ya kai kudu. Tun ina yaron shago yana yaron mota muka saba, shi ne babban abokin ango ranar aurena, ni na raɗa wa ɗansa na fari suna Idrisa. Idan ya kawo aiki sai ya jawo benci ya ce, "Yi a hankali, Adamu. Ni zan taka abin nan, ba kai ba." A tasha kuwa ba shi da hira sai cewa hannun Adamu bai san kuskure ba. Rabin direbobin da suka san shagon nan bakin Maina ne ya kawo su.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na faɗa muku sunanta ba, iyayenku sun ba ku labari. Gari ya rikice. Aka sa dokar hana fita tun la'asar. Wuta ta ɗauke wata da watanni, sai janareta, gas kuma sai wanda ya gani. Oga Bitrus ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Ranar da zai tafi ya damƙa mini makullin shago da zoben da muke matse haƙora, ya ce in riƙe amana, bai kuma sake dawowa ba. Masu zubin tukwane su ma suka watse. Haƙoran da muke riƙe diram da su sun cinye har sun kusa kai ga kusoshi, ba inda zan samu gunduwar da zan yi wasu. A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya zo daga Kano da haƙoran kanti masu hawa-hawa, manya, waɗanda za su iya kama diram ta waje. Baƙaƙe ne masu sheƙi, an shafe su da mai, an naɗe a takarda. Na saya. Ba zan yi muku ƙarya ba, har daɗi na ji, na ce na huta da wahalar likitan haƙori.

Ranar wata Talata Maina ya kawo diram ɗin gaba na hagu. Azahar ta wuce, washegari kasuwa, an riga an yi masa alkawarin lodi, kuma ya yi mako uku motar ba ta motsa ba. Gas ɗin da ke cikin janareta bai fi na awa ɗaya ba. Ya jawo benci kamar kullum, amma ranar har shi yana duban rana. Na ɗora diram a kan sabbin haƙora. Diram ɗin tsoho ne, an sha fere shi, jikinsa ya yi siriri. Na san haka, hannuna ya faɗa mini tun ina ɗaga shi. Na matse da makulli, na ga kamar zai zame, na ƙara matsewa, har na sa bututu a kan makullin don in samu ƙarfi. Na yanka sau biyu. Cikinsa ya fito kamar madubi. Na sa ma'auni yana kan inji, allura ba ta ko girgiza ba.

Ina kwance shi janareta ya mutu, a masallaci kuma aka kira la'asar. Mutane suka fara rufe shaguna da gudu. Ma'aunin yana hannuna na dama, diram yana ƙasa a gabana. Abin da ya rage bai fi a durƙusa a zagaya da allura sau ɗaya ba, aikin da bai kai tsawon alwala ba. Maina ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Muka cicciɓa shi muka sa a baro, makanikinsa ya tura. Na tuna maganar Oga a lokacin, ban manta ba. Na dai ce wa kaina haƙoran kanti ne, injin Turawa ya yanka su, sun fi nawa daidai.

Alhamis da hantsi labari ya zo. Bayan Gadaka kaɗan, a wata gangara, amalanken shanu ya shigo wa Maina titi. Ya taka birki da ƙarfi, motar ta fizge gefe guda ta ƙi dawowa, ta faɗa kwari da lodinta. Shanu da yawa a nan aka yanka su. Maina ya rayu, amma ƙafarsa ta dama, wadda ya taka birkin da ita, a asibiti aka bar ta daga gwiwa. Kowa ya ce ƙaddara, kuma ƙaddarar ce. Wasu suka zagi mai amalanke, wasu suka zagi hanya.

Bayan wata guda makanikan mai motar suka kawo mini tarkacen da suka ciro, in duba wanda zai moru. Diram ɗin yana ciki, ko tsagewa bai yi ba. Na bari sai da suka tafi cin abinci, na durƙusa na sa ma'auni. Allura ta tashi ta sauka sau uku, tashin da ko makaho zai ji a yatsa. A cikinsa ga tabo uku baƙaƙe inda takalmin birki ya riƙa dukan tudun yana ƙonewa, tsakaninsu kuma fari tas, wurin da bai taɓa kamawa ba. Birkin dama ya kama, na hagu ya yi ta tsalle, shi ya sa ta fizge. Da suka dawo na ce musu wannan ya mutu, su bar shi nan. Na kife shi a ƙofa don kada kowa ya leƙa cikinsa. A ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba ko a lokacin harbe-harbe, kuma kunya ta hana ni cin abinci kwana biyu.

Na koma yin haƙorana. Da ban samu masu zubi ba, na gina ɗan murhu a bayan shago na koyi narka fistin da kaina, ga tabon a hannuna kuna gani. Tun daga ranar ba abu mai rami da ya fita shagon nan ban tambaye shi a ƙasa ba. Amma gyaran da ka yi bayan ɓarna na mutanen gaba ne, ba ya mayar wa na baya komai.

Da Maina ya warke ya samu sanda, sai ya mai da shagon nan wurin zamansa. Duk Laraba zai zo ya ga motoci suna wucewa da shanu. Benci ya yi masa tsawo, sai ya ga diram ɗin nan daidai da shi, ya sa aka ɗora masa buhu. Shekara goma da 'yan kai yana zama a kansa, yana cin goro, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa hannun Adamu bai san kuskure ba. Ni ina ciki ina ji. Sau nawa na kashe inji na fito da niyyar in faɗa masa, sai in tarar yana dariya da wani, in ce sai wani makon.

Kafin nan gari ya canza. Shagunan tanin sun yi yawa, yara masu jini a jika, kowa da haƙoran kanti. Maƙwabcina Sale, mai shagon da ke kallonmu, yaro ne mai ladabi, ba ya wuce ni bai gaida ni ba, amma diram uku yake ferewa kafin in gama shirya ɗaya. Direbobi suka koma can. Ban ga laifinsu ba, mota ba ta cin abinci a tsaye. Na taɓa tsallakawa na nuna masa yadda ake auna abu bayan an sake shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baba, ai wannan na zamaninku ne. Yanzu haƙoran da ake kawowa kwamfuta ce ta yanka su." Na ce ba haƙoran ne ke lanƙwasa ba, diram ɗin ne. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, ya ba ni kujera.

Bara, bayan sallar layya, Maina ya zo ranar Litinin, abin da bai saba ba. Tare yake da Idrisa, wanda yanzu magidanci ne, an kuma ba shi tirela yana jan shanu a hanyar da ubansa ya bi. Sun kawo diram ɗin gaba a Keke Napep. Ina ganinsa na san irinsa ne, tsoho, an sha ferewa, siriri.

Idrisa ya durƙusa ya gaida ni, ya ce, "Baba Adamu, ni na ce mu kai wurin Sale a gama yau, Baba ya ƙi."

Maina ya zauna a wurin zamansa ya jingine sanda. Ya ce, "Wane Sale? Ƙafa ɗaya ta rage a gidanmu da ke taka birki, ita ce taka. Ba mai taɓa birkinka sai wannan tsohon. Ko kwana uku zai yi, a jira. Ni ƙaddara ta same ni, amma ba a taɓa cewa aikin Adamu ya ci amanar mutum ba."

Ina da gunduwa a ajiye. Da na yi shiru, da na yanka haƙora ranar, na fere diram Talata, na auna shi a ƙasa, yaron ya tafi da birki mai kyau, in ya so ranar Alhamis in faɗi abin da zan faɗa. Wannan lissafin kullum sai na yi shi. Amma a lokacin na ji idan na ƙara haɗiye gaskiyar sau ɗaya mutuwa zan yi da ita.

Na ce, "Maina, tashi daga kan abin nan."

Ya ce, "Yau kuma kujerar ake yi mini rowa?"

Na sa Idrisa ya kama shi ya tashi. Na yaye buhun, na juya diram ɗin, karo na farko tun ranar da na kife shi. Tsatsa ta ci shi, amma tabon uku suna nan. Na goge da tsumma, na sa ma'auni, na kama hannun Maina na ɗora a kai muka zagaya tare. Allura ta tashi ta sauka.

Na ce, "Na motarka ne. Na gaba, na hagu. Da haƙoran kanti na kama shi, na matse fiye da kima, ban auna ba bayan na sake shi. Ba mai amalanke ba ne, ni ne."

Direba ne, ba sai an yi masa bayani sau biyu ba. Ya daɗe yana kallon tabon. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun kana asibiti."

Ya ce, "Ka bar ni ina zama a kai."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya gyara sandarsa a hammata, ya ce, "Ƙafa ta Allah ce, Shi ya bayar, Shi ya karɓa. Wannan na yafe tun kafin in san akwai wanda zan yafe wa. Amma shekara goma kana ji ina yabonka a kan wannan abin, Adamu?" Sannan ya juya wurin ɗansa. "Ɗauki kayanka mu tafi."

Na ce, "Ka ƙi ni, na yarda. Amma ka bar mini diram ɗin yaron nan zuwa gobe. Don Allah, Maina. Siriri ne, haƙoran kanti za su lanƙwasa shi."

Bai waiwayo ba. Idrisa ya tsaya yana kallona yana kallon ubansa, sannan ya sunkuya ya mirgina diram ɗin ya tsallaka titi da shi.

Ina tsaye a ƙofa na ga Sale ya ɗora shi a kan cok, na ga ya ɗauko bututu ya sa a kan makulli. Na ɗauki ma'aunina na tsallaka, ban ko sa takalmi ba. Na roƙe shi idan ya kwance ya bar ni in zagaya da allura sau ɗaya. Ya ce ba komai Baba, in ya gama zai aiko. Na koma na zauna ina jira. Wata mata ta kawo shaf ɗin injin markaɗenta, na shiga in duba mata, ina fitowa na tarar Keke Napep ta tafi. Sale ya ɗaga mini hannu daga can ya ce, "Kada ka damu Baba, na auna a kan inji, daidai yake cif."

Na aika wa Idrisa saƙo har sau uku ya kawo motar in duba kyauta. Yaro ne mai biyayya, kuma ubansa ya yi rantsuwa motar ba za ta zo shagona ba, ba ya zuwa. Maina ma bai sake takowa layin nan ba. Mukan haɗu a jana'iza, ya amsa sallamata, ya wuce.

To kun ji abin da ya sa nake yanka haƙorana. Na san yawancinku ba za ku yi ba. Kuna fita daga nan za ku sayi na kwali, don mai jira yini guda ya ƙare a garin nan, ni kaina aikin da nake samu yanzu bai kai a kunna janareta kullum ba. Zoben Oga Bitrus yana rataye a ƙusa, ban ga wanda zan bar wa ba. Ban ce kada ku saya ba. Na ce idan kun kwance ƙarfe, ku durƙusa ku tambaye shi.

Kun kuma sha tambayata me ya sa duk Laraba bayan azahar nake kashe inji a tsakiyar aiki in fita in tsaya a bakin titi. Motar Idrisa ce ke wucewa da shanu a lokacin, shuɗiya mai ratsin ja. Akwai kwana a gaban gidan mai, dole ya taka birki a wurin. Idona ya yi rauni, amma kunnena bai mutu ba. Makon jiya na ji ta sarai, tana kamawa tana saki, tana kamawa tana saki. Na ɗaga masa hannu biyu ina kiran sunansa, ya yi mini hon na gaisuwa, ya miƙe hanyar Gadaka.